SHEKARUN KAKANNINMU DA YADDA SU KE LISSAFA SU



Babu tambayar da ke sa tsohon ƙauye dariya kaman a ce masa, "Baba, shekarunka nawa?" Wani ya ce a je a tambayi ungozomar da ta yanke masa cibiya. Wani ya ce ya girmi rijiyar kasuwa, amma tsamiyar masallaci ta girme shi. Wani kuwa ya jawo katinsa daga aljihu, ya ce, "Ga abin da Nasara ya ce, ni ban ce ba." Yaranmu da su ka yi lakkwal su kan ɗauka wannan rashin sani ne. Mu dai mun san akwai lissafi a cikinsa, kuma cikin wanga lissafi ne tarihin gidajenmu ya ke ajiye. Shi mu ke so mu duba tare da ku, tun da sauran waɗanda za a tambaya.

SUNA YA BA DA RANA, BAI BA DA SHEKARA BA

Kakanninmu ba su yi sakaci da lokacin haihuwa ba. Sun ajiye shi cikin suna. In kun ji Ɗan Ladi, Ɗan Asabe, Ɗan Juma, Talatu ko Laraba, kun san ranar. In kun ji Shipkau kun san lokacin shuka ne, Nomau lokacin noma, Anaruwa ana tsakiyar damana, Citumu hatsi ya fara nuna. Ɗan Azumi da Sallau sun gaya muku watan. Abu guda ne suna bai riƙe ba, watau shekara, domin a ƙauye shekara ba ta da lamba. Tana da suna ita ma, kuma sunanta shi ne babban abin da ya faru cikinta.

Sabo da haka tsoho ba ya cewa an haife shi cikin 1907. Cewa ya ke yi, "Da aka yi Kakalaba ina kiwon awaki." Mai hankali sai ya yi lissafi. Kakalaba ta 1914 ce, yaro kuma yana fara bin awaki da wajen shekara bakwai, to ga shekararsa ta fito. In ya ce ana goyonsa, shekara ɗaya ce ko biyu. In ya ce an yi masa kaciya, wajen bakwai ne zuwa tara. In ya ce ya fara cika azumi, ya kai goma sha huɗu ko sha biyar. Wanga ma'auni ba ya kuskure da yawa.

Akwai wani abin da ke ƙara ma tsofaffi shekaru ba tare da sun yi ƙarya ba. Shekarar wata, wadda mu ke azumi da Salla da ita, ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Cikin shekara 33 wanga ragi ya kan cika shekara guda. Watau wanda ya ke ƙirga Sallolin da ya ci, in ya ce ya kai 100, mai ƙirga damana zai ba shi 97. Dalilin nan ne kuma ya sa azumi ke zagayawa: ya zo cikin ɗari, ya zo cikin bazara, ya zo cikin damana. Tsohon da ya ce sau uku azumi ya tarar da shi yana noman farko, sau ɗaya yana yaro, sau ɗaya yana magidanci, sau ɗaya da furfura, to ya ba ku shekarunsa ke nan, sauran aiki naku ne.

SHEKARU MASU SUNA

Ga waɗansu daga cikin turakun da tsofaffin ƙasarmu su ka ɗaure lissafinsu a kai.

Na farko shi ne zuwan Nasara. Cikin 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta ratso daga yamma. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙwanni cikin watan Mayu, ta bi garuruwa tana kisa da ƙuna har ƙasar Tasawa. A Dankori su ka harbe Kanar Kulob, wanda aka aiko daga baya don ya tsayar da su, ran 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu su ka kashe su su biyun kusa da Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Waɗanda su ka ga wanga abu da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, amma da yawa cikinmu sun ji daga bakin kakansu cewa an ruga da shi daji a goye, ko an ɓoye shi cikin rumbu.

Na biyu ita ce Kakalaba. Damanar 1913 ba ta yi ba, yunwa ta kama cikin 1914. Mutane su ka ci anza bayan sun jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, su ka ci ƙarangiya, su ka tona gidan tururuwa suna neman tsabar da ta tara. Gidaje da yawa sun watse a wannan shekara, waɗansu su ka yi kudu ba su komo ba. In kun ji ana cewa muna da dangi a ƙasar Katsina ko ta Kano waɗanda ba mu san fuskarsu ba, sau da yawa daga nan ne aka rabu.

Daga nan sai yaƙin Kawusan a Agadas, cikin 1916 da 1917, lokacin da aka karɓi raƙuma da hatsi a ƙasar kudu don sojan Faransa. Sai annobar mura ta 1918. Sai 1926, da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai. Sai farar da ta cinye gonaki wajen 1931. Sai yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, wanda ya ba garuruwanmu tsoffin soja masu lambobi a ƙirji da Faransanci mai kaushi a baki. Mutanen Maraɗi suna da tasu shekara, 1945, da ruwan Gulbi ya ci tsohon gari aka hau da shi bisa tudu. Cikin 1946 aka soke aikin dole, kuma tsofaffi ba su manta da wannan ba, domin akwai waɗanda su ka ɗauki dutse da ƙasa a kai wajen gyaran hanya ba a biya su ko tamma ba.

Tsofaffinmu na yanzu nasu lissafi ya faro daga nan. Suna tuna shekarar garin rogo, wajen 1954, da hatsi ya ƙare aka koma ma garin da ke zuwa daga kudu. Suna tuna ƙuri'ar "i" da "a'a" ta ran 28 ga Satumba 1958, da Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a'a, mafi yawa su ka ce i. Suna tuna ran 3 ga Agusta 1960 da aka sami ƴancin kai, Jori Hamani yana shugaba. Suna tuna farin 1973 da mutuwar dabbobi, da hawan Seyni Kunce ran 15 ga Afirilu 1974. Sa'an nan yunwar 1984, wadda aka sa ma suna El Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya kasa shigowa.

Ku duba da kyau, mafi yawan sunayen nan na wahala ne. Shekarar da rumbu ya cika ba ta cika samun suna ba. Amma wanda ya ce muku ya ga garin rogo, ya ga 1973, ya ga El Buhari, yana kuma zaune yana dariya, ya gaya muku wani abu game da haƙurin gidanku.

SHEKARUN TAKARDA

Da Nasara ya zo da rajista sai ya bukaci lamba. Kumandan ko magatakardansa ya dubi mutum sama da ƙasa, ya rubuta kalmomi biyu na Faransanci, "né vers", watau "an haife shi wajen shekara kaza". Wajen ɗaukar yara lakkwal, tsofaffi sun ce akan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa. Akwai yaran da uwayensu su ka koya ma gajarta hannu tun daga gida.

Mutanenmu ba su daɗe ba su ka gane cewa lambar nan tana da amfani kuma tana da illa. Ƙaramin yaro ba ya cikin lanho, sabo da haka yara su ka riƙa daɗewa suna ƙanana. Tsoho tukuf akan cire shi, sabo da haka magidanta su ka riƙa tsufa da wuri. In ana ɗaukar soja, saurayi ya koma yaro. Shi ya sa mu ke cewa kakanmu yana da shekaru iri uku. Yana da na ranar lanho, lokacin da ya ke tafiya da sanda yana tari. Yana da na ranar neman aure, lokacin da ya ke ajiye sandar bayan darni. Yana kuma da na dandalin hira, inda ya ke girmar kowa, har wanda su ka sha nono ɗaya ya riga shi.

Da takardun zamani su ka bukaci rana da wata, sai aka ba waɗanda ba su da su ranar 1 ga Janairu. In da za a bi katin ɗan ƙasa, rabin tsofaffin garinmu rana ɗaya aka haife su, ungozoma kuwa ta sha aiki a wannan dare. Akwai gidan da takarda ta ce ƙane ya girmi wansa da shekara huɗu. Wan ya ce ba komi, in dai wajen rabon nama ba takarda ake dubawa ba.

TA BAKIN JIKA LABARI KE FITA

Yanzu sai mu tambaya, ta wace hanya wanga tarihi ya iso gare mu? Ba ta wajen uba ya zo ba. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ɗan fari, wanda uwayensa ba su ko kiran sunansa. Yaro ba ya zama ya tsare ubansa da tambaya. Amma tsakanin kaka da jika al'ada ta buɗe ƙofa. Kaka namiji yana ce ma jikarsa mace "matata", yana ce ma jikansa namiji ɓarawon mata. Kaka mace tana ce ma jikanta "maigida", tana tambayarsa kuɗin cefane tun bai iya tafiya ba, jikarta mace kuwa kishiya ce. Wajen kaka ake kai yaro yaye. Yaron da aka sa ma sunan kakansa, uwayensa sai su sakaya su ce Abba ko Baba, shi kuwa tsohon ya ce takwara, ya riƙa kai ƙararsa wai ya sace masa suna.

Cikin wanga wasa jika yana faɗin abin da ba wanda ya isa ya faɗa. Ya ce, "Tsoho, ina haƙoranka?" Tsohon ya ce ya ba da aronsu ga wanda bai mayar ba, ya jawo magoginsa ya goge goro. Jika ya ce, "Ka cika barci." Tsohon ya ce yana koyon aikin da ke gabansa ne. Kunnen tsoho kuwa kowa ya san halinsa: in an yi zancen bashi ba ya ji, in an buɗe kwanon nama a ɗaki na uku sai ya yi gyaran murya. To, daga tsokana sai a gangara cikin labari. Jika ya ce, "Kai da ba ka iya zuwa masallaci sai da sanda!" Tsohon ya ce, "Ni? Ƙafar nan ta taka Kano da jaki biyu da kayan gyaɗa." Daga nan sai sunayen zango su fito, da sunayen abokan tafiya, da abin da aka sayo, da wanda ya rasu a hanya. Yaro ya zo tsokana, ya tashi da tarihin gidansu.

Wasan ba ya ƙarewa ko da mutuwa. A wurare da yawa, in tsoho ya rasu da cikar kwana, ɗiyansa na kuka jikoki na wasa. Su sa rigarsa, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa da tarinsa, sai an ba su kuɗin jika su ke bari. Wanda ya ga jika ya ga tattaɓa-kunne, ba a yi masa kukan rashi kaman na yaro. Irin wanga wasa ɗan'uwan wanda ke tsakanin taubasai ne, da wanda ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Barebari da Fulani. Cikin 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

TSABA DA ƘAIƘAYI

Kada wani ya ce duk abin da tsoho ya faɗa haka ya ke. Mun san kurar da kakanmu ya kora daga garke tana ƙara girma ko wace shekara. Mun san kokawar da ya yi, bai taɓa faɗuwa ba sai sau ɗaya, shi ma ƙasa ce ta yi santsi. Amma ƙarin gishiri yana da wurin da ya ke shiga. Yana shiga wajen ƙarfi da jaruntaka da kyaun samartaka. Ba ya cika shiga wajen sunan uba da na kaka, ko garin da aka taso, ko wanda ya gina rijiya, domin waɗannan akwai tsararsa da za su ƙaryata shi a bainar jama'a. Hanyar ita ce a tambayi tsofaffi uku daban daban, a riƙe abin da su ka haɗu a kai. Kada kuma a manta da tsofaffi mata. Su ne su ka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, da wanda aka haifa kafin wani.

Masanan ƙasarmu ma haka su ka yi. Andire Salifu ya fitar da littafinsa na tarihin Damagaram cikin 1971, Jibo Hamani ya fitar da nasa na tarihin Adar cikin 1975, kuma dukansu sun zauna gaban tsofaffi sun saurara, sa'an nan su ka gwada da takardu. Amma su tarihin sarakuna da ƙasashe su ka bi. Tarihin gidan Nomau da gidan Shipkau, babu wanda zai zo daga Yamai ya rubuta shi. Namu ne.

ABIN DA ZA MU RASA

Wani zai ce wannan duk hira ce. To, ku dubi zancen gona. Lokacin ƴancin kai mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 1977 ta sami fiye da miliyan 5, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Ƙasar noma kuwa ba ta haihu ba. Dajin da kakanni su ka sara ya ƙare, gandu ya rabu kashi kashi. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, amma in rigima ta tashi shaida ake nema. Wa ya san gonar nan aro ce aka ba kakan wane shekarar garin rogo, ba kyauta ba? Wa ya san iyaka tana kan gawon nan ne, ba kan layin gamba ba? Tsoho ne. Ran da ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, sai ƴan'uwa biyu su kwashi juna zuwa gaban alƙali, a kashe kuɗin da ya fi hatsin gonar.

Ku dubi kuma ɗiyanmu da aka haifa a Yamai, da Arlit, da Kano, da Legas, da Kwatano, da Abijan. Da yawa ba su taɓa kwana ɗakin kaka ba. A da, ko mutum bai yi magana ba, askar fuskarsa ta gaya muku Bagobiri ne ko Ba'are. Yanzu an bar aska, in suna ya ɓace kuma babu sauran alama. Yaron da bai san sunan kakan ubansa ba, wata rana zai yi ciniki da ɗan'uwansa na jini a tasha su rabu da zagi.

ROƘONMU GARE KU

Duk wanda ya zo gida Salla ko bikin wani, ya ware yamma guda ya zauna wajen tsohon gidansu ko tsohuwa. Ya tafi da goro da sukari, ya tafi da yaransa, ya bar su su fara tsokana. Ya riƙe littafi da alƙalami, ko ya ɗauki murya da wayar da ke aljihunsa. Ya tambayi sunayen kakanni har inda aka iya kaiwa. Ya tambayi garin da aka taso da abin da ya tashe su. Ya tambayi wanda ya sari ko wace gona, da wadda ke aro, da wadda ke jingina. Ya tambayi inda dangin da su ka tafi su ka zauna. Ya tambayi shekaru masu suna da abin da tsohon ke yi a cikinsu. Abin da aka rubuta a yi shi kashi biyu, ɗaya ya zauna gida, ɗaya ya bi mai tafiya.

Kada kuma mu da ke wanga rubutu mu ɗauka zancen waɗansu ne. Wanda aka haifa shekarar ƴancin kai ya wuce sittin. Mun fara nesanta takarda daga ido kafin mu karanta. Mun fara cewa matakalar mota ta ƙara tsawo. Mun fara gaya ma yara abin da dala ke saye kafin a karya darajar sefa cikin Janairu 1994, su kuwa suna duban juna suna murmushi, daidai yadda mu ka yi ma namu kakanni da su ka yi zancen wuri. Jikokinmu sun fara ƙirga haƙoranmu. In sun zo tsokana mu karɓe su hannu biyu, mu kuma tabbata muna da abin da za mu ba su bayan dariya.

Allah ya jiƙan waɗanda su ka riga mu, ya ƙara ma tsofaffinmu lafiya da nisan kwana, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.